Sarewar Japan ta roba da na saya, shakuhachi

Wata uku kenan da na yi odar sarewar nan ta Japan da ake kira shakuhachi, ta roba na saya don ta gora kuɗinta ba na wasa ba ne. Tsawonta wajen santimita 54, daga tsawon ma ta samo sunan, shaku ɗaya (ma'aunin tsawo ne na Japan) da hachi wato takwas, kashi takwas cikin goma na shaku ke nan. Ƙofofi biyar ne kacal, huɗu a gaba ɗaya a baya inda babban yatsa yake zama.

Satin farko iska kawai nake ji fuuu, saboda ba ta da abin da za ka cusa a baki, wani ɗan yanka ne a gefen bakinta sai ka daidaita leɓe a kansa. Ranar da sauti ya fito kuwa na yi mamaki, in ka bi ƙofofin a jere sautukan D, F, G, A, C take bayarwa, Japanawa suna ce musu ro, tsu, re, chi, ri, kuma wallahi kunnen Bahaushe ba zai ji baƙunta ba, kamar sarewar makiyayi da yamma. To ina sautin Japan ɗin da na saye ta dominsa?

Ashe a haɓa yake. Jerin sautin Japan da suke kira miyako-bushi shi ma sauti biyar ne, D, E fulat, G, A, B fulat (fulat wato sautin da aka ɗan sauke ƙasa), amma na biyun manne yake da na farko, rabin taki ne tsakaninsu, daga nan sai tsalle mai nisa zuwa G, wannan matsewar da tsallen su ke kawo kewar nan da ke taɓa zuciya. Babu ƙofar E fulat a jikin sarewar, dole ka rufe rabin ƙofar ƙasa da yatsa ka sunkuyar da haɓa har F ya sauko, meri suke ce wa wannan. Sautin yakan fito a dishe, a raunane, kuma haka ake sonsa.

A nan robar ta burge ni gaskiya, meri yana fita daidai in ka yi haƙuri, ga shi ba ta tsagewa da hunturu yadda gora ke yi. Abin da ban ji daɗi ba takardar da ke cikin kwalin, jerin yatsu kawai aka zana, ko kalma ɗaya babu a kan haɓa, kuma tana da ɗan nauyi, bayan rabin awa babban yatsana na dama yakan yi tsami.