Yamai zuwa Tawa da tanki ɗaya: wata takwas ina tuƙa BMW 840d

Motar ba tawa ba ce, ko da yake Tawa ce hanyarta. Yayana da ke kasuwanci a Abijan ne ya saye ta ta hannu, aka sauke ta a Lome, ta iso Yamai, ya ce in riƙe masa kafin ya zo gida. Wata biyu ya ce. Yau wata takwas ke nan makullin na aljihuna, kuma na je Tawa da ita sau biyar na dawo. Ina ganin hakan ya isa mutum ya buɗe baki.

Ran da ta zo, da na ga an rubuta gazuwal a murfin tanki, raina ya ɗan ɓaci. A wurinmu gazuwal na tirela ne, na injin niƙa, na janareta mai hana maƙwabta barci. Na kira shi na ce, "Yaya, duk kuɗin nan a kan motar da za ta riƙa kuka kamar tarakta?" Dariya ya yi, ya ce, "Kai dai hau gudron tukuna, sannan ka kira ni."

Ita ce 840d Gran Coupé mai ƙofa huɗu, wadda aka fara fitarwa a 2019. Doguwa ce, ta ɗan haura mita 5, ga ta kwance a ƙasa kamar kada. Injinta lita 3 ne, silinda 6 a jere, turbo biyu, ƙarfin doki 320, giya 8 mai canza kanta, ƙafa huɗu duk suna ja. Amma duk wannan lissafi bai kai lamba ɗaya muhimmanci ba: ƙarfin murɗawa Nm 680, wanda ke zuwa tun injin yana juyi 1,750 a minti, wato tun bai farka sosai ba. Don ku gane, babbar Land Cruiser 200 ta gazuwal, wadda muke kira V8 muna kauce mata a hanya, injinta lita 4.5 ne amma 650 take bayarwa.

A cikin gari ba za ka san da wannan ba. Daga Wadata zuwa Filato, tsakanin kabu-kabu da taksi da kurar jaki, mota ce kawai mai sanyi da kujera mai laushi. Sai ka wuce filin jirgi, ka biya kuɗin hanya, ka miƙi hanyar Dosso, sannan take nuna halinta. Wanda ya saba da wannan hanya ya san wahalarta ba nisa ba ce, wuce manyan motoci ne. Tirela biyu ko uku a jere, ɗauke da albasar Galmi ko siminti, gudron siriri, ga wata motar na tahowa daga nesa. Da tsohuwar motata mai esans sai in rage giya, injin ya yi ta ihu, ni kuma ina salati. Da wannan, ɗan taka ƙafa kawai nake yi. Babu ihu, babu jira; sai ka ji kamar wani ƙato ya sa tafin hannu a bayanka ya tura. Kafin ka gama bismilla tirelolin sun koma cikin madubi. Takardunta sun ce tana kai 250 a awa. Ni ban taɓa wuce 140 ba, kuma ba na shawartar kowa ya gwada, domin jaki ba ya duba madubi kafin ya tsallaka, raƙumi kuwa bai san da zamanka ba.

Ƙarar da na ji wa tsoro ba ta zo ba. Da safe in an tayar da ita, wanda ke tsaye a waje zai ji ɗan ƙas-ƙas ɗin gazuwal. A ciki, a gudun 110, injin na can ƙasa yana gurnani kamar mage mai barci. Kawuna da na ɗauko daga Dogon Dutsi ya yi barci tun kafin Birnin Ƙonni, bai farka ba sai da muka karya ta Tsarnawa muka nufi arewa.

Sai batun mai, inda ta gama saye ni. Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne. Na auna sau uku, da na'urar sanyi a kunne tun daga ƙofar gida: tsakanin lita 7 da 7.5 take sha a kilomita 100. Lita arba'in da ɗan wani abu ke nan, in isa gida da saura a tanki. Gaskiya ne gazuwal ya fi esans tsada a nan. Da aka rage farashi a Yulin 2024, an sa litarsa sefa 618, esans kuma 499. Duk da haka mota mai irin wannan ƙarfi da ke shan esans ba za ta kai ni da wannan kuɗi ba. Kuma abin da ya fi kuɗin daraja shi ne ba sai na tsaya shan mai a inda ban sani ba.

Na koyi wannan ne da tsada. A tafiya ta biyu na yi ganganci, na bar Tawa da rabin tanki, sai na ƙara lita 20 a wani ƙaramin gidan mai na bakin hanya. Ban kai Dosso ba ta fara shaƙewa, ta ƙi ja. Makanikena a Yamai ya kwance matatar mai ya zazzage a roba, ga ruwa ga laka. Ya ce, "Alhaji, wannan ba Hilux ba ce da za ta sha ko mi. Allurar mai ɗinta ƙofarta kamar silin gashi take, kuma da matsin bar 2,500 ake tura man. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa." Allah ya taimaka abin ya tsaya a matata. Tun ranar gidan mai ɗaya nake zuwa, kuma ina canza matatar mai da ta iska tun lokacinsu bai yi ba, musamman in ƙurar hunturu ta sauka.

Laifi na biyu ma nawa ne. Akwai wata guda da ban fita gari ba, daga gida sai shago sai makarantar yara. Fitila ta kama a gabana. Ashe irin waɗannan injina suna da matatar hayaƙi, makanikai na ce mata FAP, mai tara baƙin toka. Ba ta ƙone shi sai hayaƙin ya yi zafin da ya kai wajen digiri 600, shi kuwa ba ya samuwa a cunkoson Katako. Maganin da aka ba ni ya ba ni dariya: in je Kure in gaida raƙuman dawa in dawo, ba tsayawa. Na je, na dawo, fitila ta mutu. Akwai kuma AdBlue, wani ruwa mai tankinsa daban da ke rage gubar hayaƙi. In ya ƙare ƙaf, ka kashe mota, ba za ta sake tashi ba. Wani yaron gareji ya ce ai ure ne da ruwa, mu jiƙa takin gona mu zuba. Na ce masa ya bari sai ya sayi tasa.

Abin da babu makaniken da zai gyara shi ne tsayinta. An yi ta ne don shimfiɗaɗɗun titunan Jamus, mu kuwa kowane ƙauye da tudun rage gudunsa, wani kamar kabarin basamude. A karkace nake hawa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, masu sayar da ƙwan zabi suna kallona. Sau biyu cikinta ya gogi siminti, na ji har cikin haƙorina. Tayoyinta sirara ne, kowane rami sai ka ji shi a kunkuru. A Tawa kuwa unguwarmu rairayi ce, don haka a bakin gudron nake ajiye ta wurin wani ɗan'uwa, in ƙarasa a ƙafa. Inna ta leƙa ta sau ɗaya ta ce, "Wannan in na zauna, wa zai tashe ni?" Har yau a tsohuwar motar ƙanena take zuwa asibiti.

Turawa sun taɓa ɗaukar irin wannan inji da girma. A 2006 Audi ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motar gazuwal, karo na farko a tarihin gasar. Porsche ta yi Panamera 4S Diesel mai silinda 8, doki 422, tana kai 285 a awa. Sai badaƙalar hayaƙin Volkswagen ta fashe a Amurka a 2015, a 2018 Porsche ta ce ta bar gazuwal ke nan. Yanzu can hankalinsu ya koma kan lantarki, masu irin waɗannan motoci suna rabuwa da su, shi ya sa suke gangarowa Lome da farashin da ɗan kasuwa zai iya taɓawa.

Wanda aikinsa zirga-zirgar cikin Yamai ne, kada ya saya. Zai ƙare a hanyar Kure kowane mako. Wanda ke zuwa ƙauye, ya nemi mai tsayi. Amma mai cin dogon gudron kamar ni, Yamai, Ƙonni, Tawa ko Maradi, da gidan mai da ya amince da shi da makaniken da ke da kwamfutar duba mota, ban taɓa zama a bayan injin da ya dace da wannan tafiya kamarsa ba.

Shekaranjiya Yaya ya kira. Wai wani ya taya ta, yana tunanin sayarwa ya sayi mota mai tsayi daga ƙasa mai wannan injin. Na ce, "Yaya, shawara ce mai kyau, amma ka bari sai bayan Babbar Salla." Ya ce me ya sa. Na ce akwai bikin 'yar Kawu a Tawa, kuma na riga na cika tanki.