Kwantirola, CDJ ko faifai: me mai son gabatar da shirin kiɗa a rediyon intanet zai saya?

Duk wanda ya daɗe yana sauraren NTS ta Landan ko Oroko ta Akara, wata rana sai zuciyarsa ta raya masa cewa ai shi ma zai iya. Kuma ba ƙarya ta yi masa ba. Waɗannan tashoshi ba da manyan gine-gine suka fara ba. Femi Adeyemi ya buɗe NTS ne a 2011 cikin wata 'yar rumfa a unguwar Dalston. Rinse FM tun 1994 take watsa shiri a ɓoye ba lasisi, sai a 2010 hukuma ta ba ta takarda. Radio Alhara kuwa wasu abokai ne a Falasɗinu suka tayar da ita a 2020, lokacin kullen korona, kowa na aiko da shirinsa daga gida. Har gobe shirye-shirye da yawa a irin waɗannan tashoshi a ɗaki ake naɗar su, a tura fayil ɗin awa ɗaya ko biyu, su sa shi a jadawali.

Wannan shi ne abin da ya kamata mai saye ya riƙe kafin ya taɓa aljihu. Mai sauraren rediyo ba ya ganin na'urarka. Abin da ka zaɓo yake ji, da yadda ka jera shi, da kuma ko muryarka ta fita tas. Yawancin bidiyoyin da ke tallar kayan DJ masu wasa a kulob da biki suke nufi, kai kuma buƙatarka daban ce.

Farashin da zan ambata na dala ne kuma kintace ne, domin na naira da na sefa ba sa kwana wuri ɗaya.

Mu fara da ƙaramar kwantirola, tunda nan yawancin mutane za su tsaya. Ita faranti biyu ce da mahaɗin sauti a tsakiya, amma ba ta da kai, kwamfutarka ce ke yin aikin. Wadda ta fi yawo yanzu ita ce DDJ-FLX4 ta Pioneer DJ, da ta fito a 2022 ta gaji DDJ-400 ta 2018. Sabuwa tana kaiwa wajen dala 300. Daga jikin kwamfuta take shan wuta, saboda haka ko an ɗauke wuta, muddin batirin laftof ɗinka na da rai, shiri bai tsaya ba. A Kano ko Zinder wannan kaɗai ya isa hujja.

Akwai wani bambanci tsakanin su biyun da mai shago ba zai gaya maka ba, watakila shi ma bai sani ba. A DDJ-400, sautin makirufo kai tsaye yake wucewa zuwa lasifika, ba ya bi ta cikin manhaja. Sai ka zauna ka yi ta bayani, kana jin kanka raɗau a ɗaki, ka gama ka buɗe abin da ka naɗa ka tarar kiɗa ne zalla, ba ko tari. A FLX4 an gyara wannan, murya na komawa kwamfuta ta waya ɗaya da kiɗan. Mai wasan biki bai damu ba, amma ga mai shirin rediyo wannan ya fi duk wasu fitilu da ke jikinta muhimmanci. In ka samu DDJ-400 ta hannu da araha, ka saya, sai dai ka san cewa muryarka daban za ka naɗa ka ɗora daga baya a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ko ka nemi ƙaramin akwatin shigar da sauti.

Illar kwantirola ita ce kwamfutar kanta. In tsohuwa ce mai ɗaukar zafi, sauti zai riƙa yankewa a tsakiyar naɗi. Manhajar rekordbox ta Pioneer DJ, wadda FLX4 ke aiki da ita, tana da nauyi. Wanda kwamfutarsa ta manyanta ya gwada Mixxx, kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana da faranti huɗu, kuma a cikinta akwai hanyar watsa shiri kai tsaye zuwa Icecast ko Shoutcast, waɗanda ƙananan tashoshin intanet da dama ke amfani da su. Ka dai duba jerin na'urorin da take karɓa kafin ka biya kuɗin kwantirola. Manhajojin Serato da Traktor duk suna da kyau, amma rekordbox na da wata riba guda da zan zo kanta.

Sai masu cin gashin kansu, wato waɗanda ba sa buƙatar kwamfuta, filash kawai za ka soka. XDJ-RX3 ta 2021 tana kusan dala 2,000, kuma sai da wutar soket. Mu da muke fama da wuta, waɗanda suka fi jan hankali su ne masu batiri a ciki: Prime Go ta Denon DJ da ta fito a 2020, wajen dala 1,000, sai Omnis-Duo ta AlphaTheta ta 2024, wajen dala 1,500. AlphaTheta ɗin nan ita ce dai kamfanin Pioneer DJ, suna ta sauya a 2020. Masu batirin nan biyu suna yin awa huɗu zuwa biyar kafin su nemi caji, suna kuma naɗar shiri a cikin filash. Ina ganin amfaninsu ga mai fita waje, ko mai son ya yi shirinsa a saman bene da yamma. Amma faranta ƙanana ne, kuma ranar da batiri ko allon ya samu matsala, samun mai gyara a kusa sai an sha wuya. Wanda yake da laftof mai lafiya, kuɗin nan ninki uku ne ko biyar a kan abin da kwantirola za ta yi masa.

CDJ kuma, wato manyan injinan kunna waƙa na Pioneer DJ da ake jonawa da mahaɗin sauti, magana ta gaskiya, ba na sayen mutum ɗaya ba ne. Tun da CDJ-1000 ta fito a 2001, sannan CDJ-2000 ta zo da ramin filash a 2009, su ne ake tararwa a kulob-kulob da ɗakunan watsa shirye-shiryen irin waɗannan tashoshi. CDJ-3000 ta 2020 ko ramin CD ba ta da shi, sunan ne kawai ya rage. Guda biyu da mahaɗin DJM-A9 sun haura dala 7,000. Sayen su don shirin ɗaki tamkar sayen tirela ne don kai yara makarantar allo. Abin da kake buƙata shi ne ka iya su ranar da aka gayyace ka, kuma a nan ribar rekordbox take. FLX4 an jera maɓallanta ne a kan tsarin CDJ, kuma waƙoƙin da ka shirya a rekordbox, da alamomin da ka sa musu, kana iya kwashe su a filash ka soka a CDJ ta kowace tasha su fito yadda ka bar su.

Sai faifan garmaho, wanda shi ne ya fi ruɗar masu sha'awa, don a hoto ya fi kyau. Na'urar juya faifai ta Technics SL-1200 ta fara fitowa a 1972, samfurin MK2 na 1979 shi ne ya zama na DJ. An daina ƙera ta a 2010, aka dawo da ita a 2016, MK7 ta 2019 kuma tana wajen dala 1,000 kowace ɗaya, ba allura, ba mahaɗi. Ƙarfe ne na gaske, MK2 da ta shekara talatin tana iya ci gaba da juyawa daidai. Audio-Technica da Reloop suna da masu sauƙin kuɗi.

To amma me za ka ɗora a kai? Kiɗan da ake nema a waɗannan tashoshi, gqom na Durban, singeli na Dar es Salaam, kiɗan cruise na Legas, a kwamfuta aka haife su, ta waya suka yaɗu. Kaɗan ne aka buga a faifai, su ma 'yan ɗaruruwa, a Turai, kuma kuɗin aiko da faifai ɗaya yakan kai kuɗin faifan. Ga zafi yana lanƙwasa shi in ka bar shi a mota ko jikin taga, ga ƙurar hunturu tana cika ramukan har allura ta riƙa ƙara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutum ɗaya nake ba shawarar ya sayi injin faifai, shi ma guda ɗaya ba biyu ba: wanda ya gaji akwatin faya-fayan mahaifinsa, irin waɗanda EMI da Decca da Tabansi suka buga a Najeriya. Wannan dukiya ce da masu tara faifai ke tasowa daga Turai suna nema. Ya wanke su, ya kwafe su zuwa kwamfuta, ya sa a shirinsa. In injin daga Amurka ko Japan ya zo, a duba ƙarfin wutar da yake sha kafin a jona, don nasu 120 ne da 100, namu kuwa 230.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada a biya kuɗi mai yawa saboda dabarun na'ura. Duk manhajojin nan suna auna saurin waƙa, wato bugu nawa a minti, su zana mata layuka, sannan maɓallin Sync ya daidaita biyu. A kiɗan house ko techno wannan na tafiya sumul. Amma ɗauki singeli, irin wanda Nyege Nyege Tapes ta Kampala ta fitar wa duniya, da ke wuce bugu 200 a minti. Ma'aunin da rekordbox ke zuwa da shi daga 70 ne zuwa 180, saboda haka waƙa mai 220 sai ta rubuta maka 110, ka ɗauka za ta zauna da amapiano, ka saka ta ta tsere ta bar ka. Footwork na Chicago yana kan 160, amma gangarsa ba ta faɗuwa inda na'ura ke tsammani, layukan sai su karkace. Kiɗan gwaji irin na KMRU ɗan Kenya, wanda sautin gari ne da iska da amo mai tsawo, ba shi da bugun da za a ƙirga sam. Na'urar dala 300 da ta dala 7,000 duk a nan suke tsayawa su zuba maka ido. Kunnenka ne zai yi aikin, da hannunka a kan maɓallan rage sauti mai kauri da mai siriri, da sanin inda za ka yanke kawai ka shiga wata ba tare da haɗawa ba. Abin da ƙarin kuɗi ke saya na gaske shi ne layin sauti huɗu a mahaɗi maimakon biyu, ga mai son ya shimfiɗa murya ko sautin kasuwa a kan kiɗa. In ba ka kai nan ba tukuna, biyu sun ishe ka.

Kunne kuwa sai da abin sawa mai kyau. Sennheiser HD 25 tun 1988 ake yin sa, yana wajen dala 150, kuma kowane ɓangare nasa, waya da soso da maɗauri, ana sauya shi daban. A yi hattara da na jabu. Makirufo kuma Shure SM58 na wajen dala 100 ya wadatar, don ba ya kwasar ƙarar janaretan maƙwabta kamar irin masu saurin ji na situdiyo. SM7B da ake gani a bidiyo ya ninka shi huɗu, kuma yana buƙatar abin da zai ƙara masa ƙarfi, wanda ƙaramar kwantirola ba ta da shi.

Kuɗin da ka tsimi, a kan kiɗa ya kamata ya tafi, kuma nan ma akwai zaɓi. Abin da 'yan dawunlodin ke turawa a waya, ko wanda aka ciro daga YouTube, an matse shi har ya rasa jiki. A waya ba a ganewa, amma tasha za ta sake matse shi lokacin watsawa, sai ya fito kamar daga cikin gwangwani. Bandcamp ita ce kasuwar wannan duniya. Tana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari na cinikin fayil, ragowar bayan kuɗin hada-hadar banki na mai kiɗa ne ko kamfaninsa, kuma a ranakun Bandcamp Friday da ta fara a Maris 2020 tana yafe nata kason. Farashi ɗaya ne ko MP3 ka sauke ko FLAC ko AIFF, wato fayilolin da ba a rage musu inganci ba. A can za ka samu kamfanonin kiɗa irin su Nyege Nyege da Hakuna Kulala, da Príncipe ta Lisbon, da Sahel Sounds, wadda a 2013 ta sake fitar da kiɗan ogan da Mamman Sani ya naɗa a Yamai tun 1978. Beatport ta fi ƙarfi a house da techno, kuma tana ƙara kuɗi in kana son fayil marar matsi. Boomkat ta Manchester ita ce ta masu kiɗan gwaji, ko ba ka saya ba, karanta bayanan da suke rubutawa a kan sababbin fitowa makaranta ce. Duk sai da katin da ke biyan kuɗin waje, saboda haka ka tambayi bankinka tun da wuri.

Biyan kuɗin wata-wata don jawo waƙoƙi kai tsaye cikin manhaja, irin na Tidal ko Beatport, ba na mai rediyo ba ne. Ban da cin data, rekordbox da Serato suna kulle maɓallin naɗi da zarar ka ɗora waƙar da ka jawo ta wannan hanya.

A wajen nau'in fayil, ni AIFF nake zaɓa, don yana riƙe suna da hoto, kuma tsofaffin CDJ suna karanta shi, alhali FLAC sai daga CDJ-2000NXS2 ta 2016 zuwa sama. In wuri ya yi ƙaranci, MP3 mafi inganci, wato mai 320, ba abin kunya ba ne. Filash kuma a tsara shi a FAT32, a yi guda biyu iri ɗaya.

Wanda zai sayi ta hannu, a kasuwar Alaba ta Legas ne ko a wajen wani DJ da ke sauya kaya, ya je da laftof ɗinsa da abin kunnensa. Ya jona, ya ja kowane maɓallin sauti a hankali daga ƙasa har sama yana saurare, in ya ji ƙaiƙayi ƙura ta shige. Ya danna Play da Cue sau da yawa, don su ne suke fara mutuwa. Ya girgiza wayar a bakin raminta ya ga ko za ta yanke. Sannan ya sa makirufo ya naɗi minti ɗaya, ya saurara a nan gaban mai kaya kafin a yi maganar kuɗi.