Damagaram zuwa Agadas ta jirgi: awa guda maimakon wuni

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tanut zuwa Agadas a mota ya san gajiya. Kilomita kusan 450 ne daga Damagaram, ga zafi, ga girgiza, mutum ya isa ƙugu ya riƙe. Shi ya sa da tafiyar Hajiyarmu ta taso, za ta duba ƙanwarta da ke aure a can, na ce ta jirgi za mu bi. Gwiwoyinta ba za su ɗauki zaman bas na wuni guda ba.

Ta sama tazarar wajen kilomita 370 ce, domin jirgi miƙewa yake yi arewa ɗoɗar, ba ruwansa da kwanar Adarbisinat. Namu mai farfela biyu ne, kujeru kamar 50, irin wanda ke gudun kusan kilomita 500 a awa. Daga tashi zuwa sauka awa ba ta cika ba. Ƙarar farfela tana da yawa, musamman ga wanda ya zauna daidai fiffike, to amma tun da ba ya lulawa sama kamar manyan jirage, ƙasa a fili take. Na ga gonakin gero na Damargu suna raguwa har suka ƙare, sai fako da busassun ƙoramu, sannan gaɓar dutsen Tigidit ta ratsa ƙasa baƙi ƙirin. Da muka sunkuyo wa gari sai ga hasumiyar babban masallacin Agadas, ginin laka mai tsawon mita 27, itatuwa sun fito ta jikinta. Hajiya ta manna goshi a taga tana ta salati.

Abin da ya fi shiga raina shi ne ma'aikaciyar cikin jirgin. Ta ga tsohuwa na kokawa da ɗamarar kujera, ta durƙusa ta ɗaura mata da hannunta, ta ce, "Hajiya, in kunne ya toshe ki riƙa haɗiyar yawu, zai buɗe." A filin jirgin Agadas, wato Mano Dayak, kuma wani saurayi ya riƙe mata hannu har ƙarshen matakala. Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai kada awa gudan nan ta ruɗi kowa. Ba kullum ake tashi ba, kuma namu daga Yamai ya taso, don haka jinkirin da ya yi a can mu ya faɗa wa. Mun daɗe zaune a ɗakin jira ba wanda ya fito ya ce mana uffan, wannan kam ya ɓata mini rai, don tsofaffi da masu goyo ne cike da wurin. In lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kaɗai ya isa ya hana jirgi sauka. Kaya ma sai an auna, ɗan abin da ya haura sai ka biya, buhun tsaraba dai bas za a bai wa.

Kuɗin tikiti ya ninka na bas sau da yawa. Ɗan kasuwa mai kaya ya riƙe motarsa. Amma mai tsoho ko marar lafiya, ya sayi tikiti da wuri, ya kira ofishin kamfanin jirgin da safe ya tabbatar jirgin ya baro Yamai kafin ya fito daga gida.