Daga Ingila: saƙon da ba shi da murya

Yaya, bayan gaisuwa, ka tambaye ni abin da ya fi ba ni wuya a wurin aiki a nan Ingila. Gaskiya imel ne. A gida mun saba ɗaga waya ko tura saƙon murya, magana ta ƙare nan take. Nan kuwa ko wanda teburinsa ke jikin naka rubuto maka zai yi, don a samu shaida. Wannan kam yana da amfani, domin babu mai cewa gobe bai faɗa ba.

Sai dai rubutu ba ya ɗauke da murya. A watana na biyu shugabar sashenmu ta rubuto cewa in na samu sarari in duba wani rahoto. Na ɗauki maganar yadda take, na bar shi kwana uku. Ashe ranar take buƙatarsa, ladabin rubutunsu ne kawai ya lulluɓe gaggawar. Da ta sake turowa sai na ga ta haɗa da sunan nata shugaban, zuciya ta ɗebe ni na ce ƙarata ta kai. Na mayar da amsa da zafi, kuma ta tafi wa kowa da kowa. Daga baya na gane shi ma rahoton yake jira, shi ya sa ta sa shi. Da a waya ne, da muryarta kaɗai ta ishe ni.

Bakin alƙalami kuwa ya riga ya bushe. Gmail ba ya ba ka fiye da daƙiƙa 30 ka janye saƙo. Outlook, wanda muke aiki da shi, ba ya janyewa sai tsakanin 'yan ma'aikata ɗaya, kuma wanda ya karanta ya karanta. WhatsApp ɗin da kuke riƙe da shi ya fi su sassauci, kusan kwana biyu yake ba mutum.

Wasu masana a Amurka, Kruger da Epley, sun gwada batun rashin murya a imel a 2005, suka ga mai rubutu yakan sakankance an fahimci gatsensa ko wasansa fiye da yadda aka fahimta ɗin.

Washegarin ranar da na tura amsar, da safe na je ofishin shugabar sashenmu na ba ta haƙuri, ba mu kai minti biyar ba muka daidaita. Yanzu duk wanda ya ba ni aiki a rubuce, sai na tambaye shi rana da lokacin da yake so.