Gwajin je-ka-dawo ko samfurin bayit: wanne ke nuna manhajoji biyu sun fahimci juna?

Ɗan'uwa, ka ce kana da sashen manhaja ɗaya da aka rubuta da harshen Python, ɗaya da JavaScript, kuma kuna shirin ƙara na uku da Go. Kowane sashe yana ɗaure bayanai ya mayar da su bayit (jerin lambobin da kwamfuta ke ajiyewa da aikawa), ya sake kwance su, ya ga sun dawo yadda suke, gwajin nan na je-ka-dawo ya ce lafiya lau. Ka tambaya ko hakan ya wadatar, ko sai kun haɗa da tarin samfura na bai-ɗaya. Bai wadatar ba, kuma dalilin ya fi amsar muhimmanci.

Gwajin je-ka-dawo abu ɗaya yake tabbatarwa, wato mai ɗauri da mai kwancewa na cikin manhaja guda sun yarda da junansu. Idan kuskure iri ɗaya suke yi, ɗaya zai rufa wa ɗaya asiri. Ga misali daga harsunanka. JSON tsari ne na rubuta bayanai don musaya tsakanin manhajoji. Ba wa ɗakin karatun JSON na Python (shirin da ke rubuta shi da karanta shi) darajar NaN, wato alamar “ba lamba ba ce”, zai rubuta ta ba gardama, ya kuma karɓe ta idan ka dawo masa da ita. Gwajinka ya wuce. Amma ƙa'idar JSON, RFC 8259 ta shekarar 2017, ba ta san da NaN ba, don haka JSON.parse na JavaScript zai yi watsi da saƙon gaba ɗaya. Wannan ma da sauƙi, tunda yana yin ƙara ka ji. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na shiru: aika lambar 9007199254740993 daga Python, JavaScript zai karɓa ya mayar da ita 9007199254740992, saboda lambobinsa na yau da kullum ba sa riƙe kowace cikakkiyar lamba da ta haura 2 sau kanta 53. Idan lambar shaidar wani ce, an sauya masa suna ke nan, babu gwajin da ya yi tari. Saboda wannan matsalar ce Protocol Buffers, tsarin ɗaure bayanai na Google, ke rubuta lambobi masu bit 64 a matsayin rubutu cikin alamar zance idan zai fitar da JSON.

Samfurin bayit yana kawo shaida daga waje. A ajiye fayil guda, a ciki a rubuta: ga daraja, ga ainihin bayit ɗin da suka dace da ita. Duk harsunan su karanta fayil ɗin nan, babu wanda ke da nasa na daban. Masu tsara CBOR, wani tsarin ɗaure bayanai a bayit, sun yi haka tun a RFC 7049 ta 2013, suka ci gaba a RFC 8949 ta 2020, inda rataye na farko ke jera misalai, kamar 1000 da ke zama bayit uku, 19 03 e8. Shi ma Protocol Buffers akwai sanannen misalinsa, 150 a fili na ɗaya ta zama 08 96 01. Duk manhajar da ta fitar da wani abu daban, ko ta kasa karanta wannan, ba sai an yi dogon musu a kan wa ke da gaskiya ba.

Inda samfura suka fi je-ka-dawo nesa ba kusa ba shi ne wajen ƙin karɓa. Je-ka-dawo ba ya taɓa ganin lalataccen saƙo, domin abin da manhajar ta rubuta da hannunta kawai take karantawa. A 2016 Nicolas Seriot ya fitar da JSONTestSuite, tarin fayilolin gwada masu karanta JSON, kuma tsarin sunayen fayilolinsa ya cancanci koyi: masu farawa da y dole a karɓa, masu farawa da n dole a ƙi, masu farawa da i kuwa ƙa'ida ta bar wa kowa zaɓinsa. Da ya gwada masu karanta JSON na harsuna daban-daban, sai ga shi sun saɓa wa juna a wurare da dama, wasu ma sun faɗi warwas. Rukunin i ɗin nan, da duk wani wurin da ƙa'ida ta bar zaɓi, nake so ka zuba wa ido. Idan suna ɗaya ya maimaitu sau biyu a abu guda na JSON, RFC 8259 ta ce ba a san yadda mai karɓa zai yi ba. Python da JavaScript na ƙarshe suke ɗauka, amma babu dokar da ta tilasta wa na gaba yin haka. Shi Go da za ku ƙara, ɗakin karatunsa na asali ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami wajen dacen suna da fili. Duk inda ƙa'ida ta yi shiru, ku yanke naku hukuncin ku zuba shi a fayil ɗin.

Samfura ma suna da rauninsu, kar in ɓoye maka. Daraja ɗaya na iya samun ɗauri halastacce fiye da ɗaya. A CBOR, lamba 10 tana iya zama 0a, tana iya zama 18 0a, duka biyun za su karantu, sai dai idan an ɗauki tsarin nan mai tilasta mafi gajeren ɗauri. Protocol Buffers kuma ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin bayit iri ɗaya kullum ba, ko jerin abubuwan da ke cikin taswira (tarin sunaye da darajojinsu) ba shi da tabbas. Idan ka kwatanta bayit da bayit a irin wannan wuri, za ka kama mai gaskiya. Don haka a ɓangaren karantawa, gwada kowane halastaccen ɗauri. A ɓangaren rubutawa, kwance abin da aka fitar da amintaccen mai karatu ka kwatanta ma'ana, sai in kuna sa hannu ko lissafa hash (gajeriyar lambar tantancewa) a kan bayit ɗin, a nan kam daidaito harafi da harafi wajibi ne.

Akwai mataki na uku da ba ka ambata ba, wanda Protocol Buffers ke bi. Suna da shiri guda da ke zaman alƙali. Yakan tayar da manhajar da za a gwada, ya tura mata buƙata ta bututu (hanyar miƙa saƙo tsakanin shirye-shirye biyu), bayit 4 na farko su faɗi tsawon saƙon, sannan saƙon ya biyo. Ita kuma ta amsa da abin da ta fitar, ko ta ce ta kasa karantawa, ko ta tsallake. Hukunci duka yana hannun alƙalin, kowane harshe ɗan ƙaramin shiri kawai yake rubutawa. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane harshe yana da fayil ɗin gazawar da aka sani, an rubuta a fili, kowa na gani. Hakan ya fi a share gwajin da ya gagara a ce komai ya wuce. Ga harsuna biyu ko uku, wannan ya yi muku nauyi a yanzu, amma ku ari dabarar fayil ɗin gazawa tun yau.

Da ni ne, ba zan jefar da je-ka-dawo ba. Yana da araha, kuma idan ka haɗa shi da bayanan da kwamfuta ke ƙirƙira barkatai, yana tono kurakuran da ba za ka taɓa tunanin rubutawa da hannu ba. Sai dai zan buɗe ma'ajiya guda ta samfura, in raba ta uku irin na Seriot, in fara da manyan lambobi a bakin iyakar bit 53 da bit 64, da NaN, da sifili mai alamar ragi, da rubutu marar komai a ciki, da emoji, da lalataccen UTF-8 (tsarin mayar da haruffa bayit), da saƙon da aka yanke a tsakiya, da maimaitaccen suna. Duk ranar da wani kuskure ya ɓulla tsakanin sassanku, a fara saka saƙon da ya jawo shi cikin ma'ajiyar kafin a taɓa gyara. Kuma kar sashen Go ya fara karɓar saƙon gaske sai ya ci wannan jarrabawar.