draw.io ya fitar da ni kunya a gaban shugabanmu

Wanda duk aikinsa ya haɗa da zana taswirar matakan aiki, irin mai akwatuna da kibiyoyi, ya gwada manhajar draw.io kafin ya kai kuɗinsa wani wuri. Ni sakataren ƙungiyar 'yan gwari ne a nan Jos, kuma masu ba da rance sun nemi mu nuna musu a takarda yadda dankalin turawa ke barin hannun manomi a Bokkos ko Mangu har ya iso kasuwar Farin Gada a biya kuɗinsa.

Da wata manhajar intanet na fara. Na yi nisa, zane ya yi kyau, sai ta tsayar da ni wai na cika adadin akwatunan kyauta, in biya da dala duk wata. Aikin nawa ma ta ƙi sakar mini da kyau. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙanena ne ya saka mini draw.io a kwamfuta. Kyauta ce, ba rajista, kuma wadda ake sauke wa kwamfuta ba ta neman data ko kaɗan. Tun 2020 adireshinta na intanet ya koma diagrams.net, amma kowa da tsohon sunan yake kiranta. Siffar ƙwai mai nuna farawa da ƙarewa, akwati na aiki, mai kama da lu'ulu'u ta tambayar "e ko a'a", duk suna gefen hagu, ja kawai za ka yi. In ka matsar da akwati, kibiyar na biye da shi.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a Terminus, cikin garin Jos. Na je shagon buga takardu da hoton zanen kaɗai a filashi, kwamfutata na gida. Sai ga kiran shugaba: "Malam Sakatare, ka sa inda ake cire la'adar dillali kuwa? In babu, kada a buga." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti kaɗan," alhali gabana na faɗuwa, don komawa gida Anguwar Rogo da cunkoson yamma ba ƙaramin aiki ba ne. Yaron shagon ya buɗe shafin manhajar, ya jefa hoton PNG ɗin ciki. Ashe lokacin fitar da hoto akwai wurin da ke cusa ainihin zanen a cikinsa, kuma ƙanena ya bar shi a kunne. Akwatunan nan suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowanne ana iya taɓa shi. Na saka la'ada tsakanin awo da biyan manomi, kibiyoyi suka daidaita, aka buga.

Sai dai wannan aiki ba na waya ba ne. Jan kibiya da yatsa a ƙaramin allo wahala ce a kowace manhaja, ku nemi kwamfuta da linzami. Kuma har yanzu in na tuna wancan zane na farko da ke kulle a hannun mutanen can sai abin ya sake ci mini rai, don dare na raba a kansa, da janareta, da man da na saya da kuɗina.

Idan za ku aika hoton, ku aika shi a matsayin fayil. Turawa a matsayin hoto ta WhatsApp tana matse shi, zanen da ke ciki ya ɓace.