BMW 335i mai injin N54: abin da ke mayar da ita gareji a kai a kai

A cikin motocin da ake sauko da su daga gwanjon Amurka ta Kwatano ko ta Legas, kaɗan ne ke jan hankalin matashi mai son gudu kamar BMW 335i ƙirar 2007 zuwa 2010. Ta kwana biyu, kuɗinta ya sauko, amma injinta bai tsufa ba wajen aiki. Sunansa N54: silinda shida a jere, lita 3, turbo biyu ƙanana, ƙarfin doki 306. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa ba ta kai daƙiƙa shida, kuma ƙarfin yana zuwa tun totur yana ƙasa, ba sai an matse ta ba. A 2007 da 2008 wannan injin ya ci kyautar gwarzon injin shekara ta duniya, kuma ya cancanta. Shi ne dai a cikin 135i da 535i da Z4 sDrive35i da X6 xDrive35i na wancan zamani, don haka duk abin da za a faɗa nan ya shafe su.

Gangar injin kanta ta alminiyam ce mai juriya, da wuya ka ji ta fashe a motar da ba a ƙara wa wuta ba. Abubuwan da aka rataya mata ne ke ba da wahala, kuma wahalar tana da tsari. Wanda ya san tsarin yana gyara sau ɗaya ya huta. Wanda bai sani ba, ko bakanikensa bai sani ba, zai yi ta sayen kaya ɗaya bayan ɗaya, fitilar cek injin tana mutuwa yau tana dawowa jibi.

Babban abin da ya ɓata wa motar suna shi ne famfon matsin fetur. N54 yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, saboda haka famfo biyu gare shi. Na cikin tanki yana turo mai da matsin ba 5 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). Na jikin injin yana karɓa ya ɗaga shi zuwa wajen ba 50 idan mota tana silo, har zuwa ba 200 idan an taka. Wannan na biyun ne ya riƙa mutuwa tun motocin suna sababbi. Alamarsa ta farko, da safe mota ta daɗe tana juyawa kafin ta kama. Daga baya, kana tsakiyar wuce babbar mota sai ta yi gyatsa, hoton rabin inji ya fito a dashbod, ƙarfi ya ragu, ta koma tafiyar lallaɓawa. Na'urar gwaji takan nuna lambar matsala 2FBF, ko 29F2, ko 29DC.

Masu motar a Amurka sun sha zuwa wurin wakilan kamfani a canza musu famfon, bayan wani lokaci sabon ma ya mutu, domin na farko-farkon da ake sakawa irin na da ne, gyaran ƙirar bai kankama ba. Kamfanin ya tsawaita garantin famfon zuwa shekara 10 ko mil 120,000, wato kusan kilomita 193,000. A watan Oktoban 2010 kuma ya kira motoci kusan 130,000 a Amurka, wasu aka sabunta musu manhajar kwamfuta, wasu aka sa musu sabon famfo. Famfon da ya fito daga baya ya fi na da daɗewa nesa ba kusa ba, kuma yawancin motocin da ke yawo yanzu shi ke jikinsu.

Nan ne ake tafka asara. Saboda sunan da famfon ya yi, da an ga lambar matsin mai sai a ce shi ne. Alhali abu uku na iya ba da alama iri ɗaya: famfon cikin tanki ya gaji, ko ƙaramar kwamfutar da ke ba shi wuta, ko sansan da ke auna matsin ƙasa, wato na famfon tanki, wanda shi ma sananne ne wajen yin ƙarya. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a jona na'ura a karanta matsin biyu mota tana tafiya, a giya ta uku, totur a ƙasa. Idan matsin ƙasa ya zube ƙasa da ba 4 tare da na sama, laifin yana wajen tanki, kuma sabon famfon matsi ba zai warkar da komai ba, hasali ma yunwar mai za ta gajiyar da shi. Idan na ƙasa ya tsaya a ba 5 amma na sama ya kasa bin abin da kwamfuta ke nema, to famfon matsin ne. Idan adadin na ƙasa ya ƙame wuri ɗaya ko yana tsalle ba dalili, a fara da sansan, shi ya fi arha a cikinsu.

Nozul ɗin fesa mai su ma labari ne mai tsawo. Guda shida ne, masu tsada, kuma an yi ta sake ƙirarsu. A jikin kowane akwai lamba, adadi biyu na ƙarshenta su ne zubin da aka yi shi. Zubi na 12 shi ne na ƙarshe kuma shi ake nema. Na 11 da na 12 suna zama tare, amma ba a haɗa su da na 10 zuwa ƙasa a rukunin silinda ɗaya, wato 1 zuwa 3 ko 4 zuwa 6, domin yadda suke auna mai ya bambanta. Tsofaffin suna ɗiga bayan an kashe mota. Da safe sai injin ya yi ta rawa na ɗan lokaci, salansa tana warin ɗanyen fetur, sannan ya daidaita. Lambobin 29CD zuwa 29D2 suna nuna silindar da ke ɓata wuta, daga ta ɗaya zuwa ta shida.

Hanyar ganewa ba ta cin kuɗi. A musanya kwail ɗin silindar da ake zargi da na maƙwabciyarta, a goge lamba, a taka. Idan lambar ta bi kwail, an gama. Idan ba ta bi ba, a musanya fulogi. Idan har yanzu tana nan, a bar motar ta kwana, da safe kafin a tayar a zare fulogan shida a jera su: wanda bakinsa ya jiƙe yana warin fetur, nozul ɗinsa ne ke ɗiga. Kada a yi wasa da wannan, domin fetur ɗin yana wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, daga nan sai metal, wato matashin da kirankishaf ke juyawa a kai, ya lalace.

Sa sabon nozul ma yana da ƙa'ida. Kowane yana zuwa da adadin awo biyu a rubuce a jikinsa, kuma dole a shigar da su cikin kwamfutar injin da manhajar BMW, ISTA ko INPA, silinda da silinda. A sa sabon zoben da ke riƙe shi, kuma in tsohon nozul za a mayar, a sake masa farin sil na baki. Da yawa daga motocin da ake cewa an canza musu nozul amma rawa ba ta daina ba, ba a yi musu wannan rubutun ba ne kawai. A zamanin garanti kuwa, abin da ya riƙa mayar da mutane wurin wakilai shi ne sau da yawa wanda na'ura ta kama kaɗai ake canzawa, a bar sauran tsofaffin, su kuma su riƙa mutuwa bi da bi.

Motocin farko suna da kwamfutar inji MSD80. Kwail ko nozul da ya yi shot yana iya ƙona ƙananan taransistocin da ke cikinta, sai ka ga 30BA ko 30BB, silinda uku sun mutu lokaci guda. Mai gyaran lantarki da ya iya hannunsa zai canza su a kan allon, ba sai an sayi wata kwamfutar ba, wadda za ta jawo aikin haɗa ta da makulli. Amma a nemo abin da ya ƙona ta tukuna.

Sai turbo. Kowane yana da ɗan murfin da ke sakin hayaƙi idan iska ta isa, iskar zuƙa ce ke jan sandarsa ta rufe shi. Da tafiya ta yi nisa, bushin sandar yana cinyewa, sai ka ji kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, musamman da safe ko in an ɗaga ƙafa daga totur. A farko ƙara ce kawai. In cin ya yi yawa murfin ba ya rufuwa sosai, iska ba ta taruwa, 30FF ta fito. Kamfanin ya taɓa fitar da manhajar da ta rage ƙarar, sai masu mota suka koka cewa ta sa motar nauyin tashi. A ƙarshe aka tsawaita garantin wannan matsala zuwa shekara 8 ko mil 82,000. Canza turbo biyun aiki ne babba, sai an sauke ƙarfen da ke ɗauke da injin ta ƙasa. Saboda haka 30FF kaɗai ba hujjar sayen turbo ba ce. Siraran tiyon iskar zuƙa suna bushewa su tsage saboda zafi, solinoyid biyu da ke sarrafa su suna gajiya, bututun roba mai kai iska bakin totur yana tsagewa. A canza tiyon gaba ɗaya, a busa hayaƙi cikin bututun a ga inda yake fita, a ja sandunan da famfon hannu a ga ko suna rufewa. Sai duk wannan ya fita lafiya ake maganar turbo.

Famfon ruwa na lantarki ne, ba fanbel ke juya shi ba, kuma ba ya sallama. Galibi tsakanin kilomita 100,000 da 130,000 yake tafiya. Fanka za ta tashi da ƙarfinta duka, gargaɗi ruwan ɗorawa ya fito, ba da jimawa ba ya koma ja. A tsaya nan take. Lambobinsa 2E81 zuwa 2E85, kuma sukan ɓuya a kwamfuta kafin ranar, shi ya sa yake da kyau a riƙa karanta motar ko fitila ba ta kama ba. Ana canza shi tare da tamostat, da sababbin notinan alminiyam, don na jikinsa ba a ɗaura su sau biyu. Fitar da iska kuma da kansa yake yi: a kunna wuta ba a tayar da inji ba, a kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a mafi ƙasa, a danne totur daƙiƙa 10, famfon zai yi ta zagaya ruwa wajen minti 12. Batir ya kasance a jone da caja. Abin da ke da ban takaici shi ne al'adar cire tamostat da zuba ruwan rijiya a lagireto da sunan ƙasarmu da zafi. A wannan injin kwamfuta ce ke tsara zafinsa, kuma gishirin ruwan yana cin alminiyam.

Yoyon baƙin mai wuri uku ne: murfin saman inji, wanda roba ne kuma yakan tsage, da kaskon ƙasa, da gaskit ɗin gidan filta. Na ukun nan ƙaramin abu ne mai arha, amma shi ya fi haɗari. Man yana sauka kan fanbel, bel ɗin ya kumbura ya zame, ya naɗe bayan fulin kirankishaf, ya kutsa ta sil ɗin gaba zuwa cikin inji. Guntayensa su toshe rariyar famfon baƙin mai. Duk motar da fanbel ɗinta ya tsinke ba a ga gutsattsarinsa duka ba, a sauke kasko a duba kafin a sake tayarwa.

Akwai wani ɗan abu da masu juye ke yawan yi ba su sani ba. A tsakiyar murfin filtar baƙin mai akwai wani kejin roba dogo, mai ɗan koren zobe a bakinsa. Yakan fita tare da tsohuwar filta a jefar da shi. In babu shi matsin mai yana raguwa, 2A82 ko 2A87 su fito, a hau canza solinoyid ɗin VANOS, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, a banza. A buɗe murfin a duba kafin komai. Injin yana ɗaukar baƙin mai lita 6.5, mai ɗauke da amincewar BMW ta LL-01, kuma ba shi da sandar awo, a dashbod ake gani. A Amurka, lokacin da wakilai ke yi wa motocin sabis kyauta, juye yakan kai mil 15,000, kusan kilomita 24,000. Wannan ya yi wa injin mai turbo biyu yawa ko a can. Da zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu, kada a wuce kilomita 7,000.

Tunda fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska, baƙin dauɗa yana taruwa a kansu har ya shaƙe hanya. Babu maganin zubawa a tanki da ke isa wurin. Ana cire manifol a wanke da garin ɓawon goron Turawa da iska mai ƙarfi, duk bayan kilomita 70,000 ko kusa, kuma bambancin a silo da tashi a fili yake.

Game da gyaran wakilan kamfani, a faɗi gaskiya: suna da manhaja, suna da kayan asali, kuma su suka ɗauki nauyin famfo da nozul da turbo na dubban mutane. Rauninsu shi ne garanti yana biyan abin da na'ura ta nuna a ranar, ba abin da ƙwararre ya san zai biyo baya ba. Yanzu ma zancen ya wuce, domin garantin nan na kasuwar Amurka ne, kuma ko motar 2010 nata ya ƙare tun 2020. Wanda ya saye ta a Kano ko Abuja ko Yamai, aljihunsa ne garantinsa. Kaya na samuwa a kasuwannin Ladipo da Apo da Ƙofar Ruwa, amma nozul da famfon ruwa na Beljiyam sun riga sun ci rabin rayuwarsu. Waɗannan biyu a saye su sababbi. Injin kuma fetur mai ma'aunin inganci RON 95 zuwa sama yake so, don haka a zaɓi gidan mai, a guji na bumburutu, kuma kada a ƙara mata wuta da manhaja a kan fetur ɗin da ba a san ingancinsa ba.

Mai niyyar saye ya je da sassafe, ya taɓa injin ya tabbatar da sanyi, ya tayar da kansa yana sauraron tsawon juyawa da rawa da kacau-kacau. Ya sa a karanta lambobi da manhajar BMW, ba ƙaramar na'urar da ke karanta kowace mota ba. A ɗaga murfin ado a karanta zubin nozul shida. A haska gidan filta da fanbel. A leƙa bayan bamba ta gefen dama a ga ko akwai ƙaramin lagireton baƙin mai, domin wasu na farko sun fito babu shi, kuma a zafinmu wajibi ne. Idan garinku babu bakaniken da ke da ISTA kuma ya iya karanta matsin mai mota tana tafiya, 335i ta 2011 zuwa sama mai injin N55 ta fi sauƙin riƙo: turbo ɗaya, nozul masu arha, kodayake famfon ruwa da gaskit ɗin gidan filta suna nan yadda suke.